Todmorden: garin da ya shuka masara a ƙofar 'yan sanda

Wanda ya sauka daga jirgin ƙasa a Todmorden, tun bai bar harabar tasha ba zai ci karo da na'ana'a da sauran ganyayen girki a cikin manyan akwatunan katako cike da ƙasa. Babu shinge, babu maigadi. In ya ga dama ya tsinka ya wuce, ba mai ce masa don me. Gaba kaɗan, a bakin tsohuwar hanyar ruwan da aka haƙa wa kwale-kwalen kaya, akwai bishiyoyin 'ya'yan itace da fangalin kayan lambu. Ƙofar ofishin 'yan sanda ma an shuka mata masara da ganye. Idan baƙon ya ɗaga kai, duk inda ya juya tudu ne ya yi wa garin ƙawanya, can a ƙololuwa kuma ga wata baƙar hasumiyar dutse tsaye ita kaɗai.

Abin da ya ja ni ga wannan gari shi ne lambunan da ke ƙasa da dajin da ke saman tudun magana ɗaya suke yi. Tambayar ita ce: mutumin da bai mallaki ko taku ɗaya na ƙasa ba, ina yake da ikon sa ƙafa, ina kuma yake da ikon sa fartanya?

Todmorden ƙaramin gari ne a arewacin Ingila, mutanensa wajen dubu goma sha biyar, tafiyar kusan rabin awa a jirgi daga Mancesta. Yana zaune a mahaɗar kwaruruka uku masu zurfi a tsaunukan Pennine, kogin Calder na ratsa shi. A da iyakar lardunan Yorkshire da Lancashire ta tsakiyarsa ta bi, har babban zauren garin, wanda aka buɗe a 1875, an gina shi ne a kan ƙoramar da ta raba su, sai dokar 1888 ta mayar da garin duka cikin Yorkshire. Arzikinsa na auduga ne. Gidan Fielden su ne manyan masu masaƙa, kuma ɗayansu, John Fielden, shi ya jagoranci dokar 1847 da ta taƙaita aikin mata da yara a masana'antu zuwa awa goma a yini. Ƙishirwar audugar masaƙun wannan yanki ce ta sa ƙungiyar noman auduga ta Birtaniya, wadda aka kafa a Mancesta a 1902, ta kai har Zariya da Funtuwa tana kafa injinan gurza. Da kasuwar saƙa ta mutu a rabin ƙarshe na ƙarni na ashirin, masaƙun suka rufe ɗaya bayan ɗaya, mutane suka ragu, aka bar garin da kangwaye da filayen da ba mai kula da su.

Wurin ba ƙasar noma ba ce. Ruwan sama ya yi yawa, rana ta yi kaɗan, gangaren ya yi tsayi, ƙasar tana da tsami, sanyi mai ƙona tsiro kan kai har watan Mayu. Saman tudun tumaki kawai yake ɗauka. Shi ya sa tun kafin zuwan injina mutanen gangaren suke haɗa ɗan kiwo da saƙar ulu a gida, domin gonar ita kaɗai ba ta ciyar da iyali.

Ingila tana da tsohon tsari na bai wa marar gona wurin shuka, wato lambun haya. Asalinsa daga lokacin da masu hannu da shuni suka riƙa killace filayen da a da na kowa da kowa ne, talaka ya rasa inda zai yi kiwo ko ya shuka dankali, sai aka riƙa yanka masa ɗan guntu a matsayin rage zafi. Dokar 1908 ta ɗora wa ƙananan hukumomi nauyin samar da irin waɗannan filaye idan akwai masu buƙata, kuma mazauna shida na iya rubuta takarda su nema. Cikakken yanki ɗaya murabba'in mita 250 ne ko kusa da haka, wato ya ɗan fi filin da muke kira hamsin da hamsin. Mutum yana biyan haya a shekara, ya noma abin da zai ci da iyalinsa, ba na kasuwa ba. Dokar 1925 kuma ta hana ƙaramar hukuma sayar da filin da aka keɓe don wannan sai da izinin minista. A yaƙin duniya na biyu, da jiragen ruwan abinci suka shiga haɗari, gwamnati ta yi yekuwar kowa ya kama noma, har yawan lambunan ya kai wajen miliyan ɗaya da dubu ɗari huɗu. Bayan yaƙi aka riƙa gine su, yau abin da ya rage bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na wancan ba.

Tsarin yana da kyau, kuma waɗanda suka samu suna riƙe da shi hannu bibbiyu. Amma yana da gibi babba: dokar ba ta sa wa hukuma ranar da dole ta samar da filin ba. Sai mutum ya rubuta sunansa ya zauna jira, a wasu garuruwan shekara da shekaru. Idan ya samu kuma, shinge ne da ƙofa da kwaɗo. Wanda ke da mabuɗi shi ke ci. Tsohuwar da ba ta da ƙarfin haƙar fili mai wannan girma, da matashin da ke canza gidan haya kowace shekara, da yaron da bai taɓa ganin yadda karas ke fitowa daga ƙasa ba, duk suna bayan shinge.

A nan ne mata biyu suka shigo. Pam Warhurst ta taɓa shugabantar majalisar ƙaramar hukumar Calderdale, wadda Todmorden ke ƙarƙashinta, don haka ta san yadda takarda ke kwana a ofis. Mary Clear ma'aikaciyar raya unguwanni ce, ta san kowane lungu da mutanensa. A 2008 suka kira taro a wani gidan shan shayi, mutum wajen sittin suka zo, aka kafa abin da suka sa wa suna Incredible Edible, wato abin ci mai ban mamaki. Ba su fara da rubuta wa kowa takardar neman tallafi ba. Mary Clear ta rage katangar gaban gidanta, ta tumɓuke furannin ado, ta shuka kayan miya, ta kafa allo cewa duk mai so ya ɗiba. An daɗe kafin mutane su iya miƙa hannu. Wanda aka rena a kan cewa abin da ke gaban gidan wani haramun ne gare shi, allo ɗaya ba ya sauya masa hali a dare guda.

Daga nan suka bi garin suna neman duk wani gefen hanya da aka bari ga ciyawa da shara. Wasu wuraren sun nemi izini, wasu kuwa shuka kawai suka yi, suna masu cewa da wuya a samu jami'in da zai aiko a tumɓuke kabeji a gaban jama'a. Sabuwar cibiyar lafiya ta garin an kewaye ta da tsirran ado masu ƙaya. Suka je wa likitoci, aka amince, aka maye gurbinsu da bishiyoyin 'ya'yan itace da ganyayen magani. Ofishin 'yan kwana-kwana, tashar jirgi, makarantu, har gefen maƙabarta, duk suka samu fangali. Takensu gajere ne: in dai kana cin abinci, kai namu ne. Ba katin zama ɗan ƙungiya, ba kuɗin shiga.

Sun kuma lura cewa shuka kaɗai ba za ta riƙe abin ba idan 'yan kasuwa ba su ga amfaninsa ba. Sai suka raba wa masu rumfuna a kasuwa ƙananan allunan alli don su rubuta abin da aka samo daga gonakin kusa. Suka zana taswirar gidajen da ke sayar da rarar ƙwan kajinsu a ƙofa. A jawabin da Warhurst ta yi a dandalin TED, inda ake gabatar da gajerun jawabai ga jama'a, a 2012 ta ce sun fara da gida huɗu, suka kai sittin da huɗu. Suka shata wata hanyar ƙafa da ke zagaya lambunan ta biyo ta kasuwa, domin baƙin da ke zuwa kallo su bar ɗan abin da ke aljihunsu a garin. Baƙi kuwa sun zo. Yarima Charles, wanda yanzu shi ne sarki, ya ziyarci garin a 2010. A 2012 abin ya tsallaka zuwa Faransa, ya fara daga yankin Alsace, yau kuma a Birtaniya kawai ƙungiyoyi masu wannan suna sun haura ɗari.

Yanzu bari mu hau tudun, domin abin da waɗannan mata suka yi da irin shuka, wasu sun riga sun yi shi da ƙafa.

Daga tsakiyar gari zuwa hasumiyar nan, Stoodley Pike, tafiyar 'yan kilomitoci ce, ta ƙauyukan Lumbutts da Mankinholes, amma hawa ne mai sa numfashi sama-sama. Wani ɓangaren hanyar an shimfiɗa masa faffaɗan duwatsu tun zamanin da dawakin kaya ke ɗauko ulu daga gidajen masaƙa zuwa kasuwa; tsakiyar duwatsun har ya lotsa saboda sawun kofato da takalmi. Ana bi ta cikin gonakin mutane, a tsallake katangar dutse ta matakalar da aka gina musamman don mai wucewa, tumaki na kallo. Mai gonar ba shi da ikon toshe hanyar. Wanda ya san burtali zai gane nan take: gona ta mai ita ce, amma akwai layin da doka ta ce na masu wucewa ne, kuma noma shi ko rufe shi laifi ne. Irin waɗannan hanyoyi a Ingila da Wales tsawonsu ya kai wajen mil dubu ɗari da arba'in.

A sama, wajen mita 400 daga matakin teku, bishiya ta ƙare. Sai fili iya ganinka, ciyawa mai kauri, da wani ɗan guntun tsiro da suke kira hida wanda ke mayar da tudun ruwan goro mai duhu da shuni a watan Agusta, ƙarƙashin ƙafa kuma baƙar ƙasa mai tsotse da ruwa. Hasumiyar tsayinta mita 37 ne. Ta farko an kammala ta a 1815 don murnar ƙarshen yaƙin Napoleon, ta rushe a 1854, aka sake gina wannan a 1856. Akwai matakala a cikinta mai duhu ƙirin da ke fitar da mutum wani baranda, daga nan ya ga kwarin duka a ƙarƙashinsa.

Shekara ɗari da suka wuce, yawancin irin wannan dajin tudu a kudancin Pennine a rufe yake ga talaka. Masu shi sun keɓe shi don farautar wani tsuntsu mai kama da makwarwa, giraus, wanda ake buɗe harbinsa ranar 12 ga Agusta kowace shekara. Ma'aikacin masaƙa da ya kwana shida yana shaƙar ƙurar auduga, in ya fito ranar Lahadi neman iska, masu gadin daji ne ke tare shi da sanduna. Ranar 24 ga Afrilu 1932, matasa wajen ɗari huɗu, mafi yawansu 'yan ƙwadago daga Mancesta, suka taru a ƙauyen Hayfield suka hau tudun Kinder Scout da rana tsaka ba tare da izinin kowa ba. Jagoransu Benny Rothman shekararsa ashirin. Aka yi 'yar arangama da masu gadi, aka kama mutum shida, kotu ta ɗaure biyar daga wata biyu zuwa shida. Hukuncin ya harzuƙa mutanen da a da ma ba sa goyon bayan matasan.

Doka ta biyo baya, amma da jan ƙafa. A 1949 aka yi dokar kafa gandun shaƙatawa na ƙasa, a 1951 yankin Peak District, inda Kinder Scout yake, ya zama na farko. Ranar 24 ga Afrilu 1965, shekara talatin da uku cif bayan wancan hawa, aka buɗe hanyar ƙafa ta Pennine, mil 268, wadda ɗan jarida Tom Stephenson ya fara kira a yi tun 1935. Ta tashi daga Edale a gindin Kinder Scout, ta bi ta gindin Stoodley Pike, ta ƙare a Kirk Yetholm cikin Sukotlan. Cikakken 'yancin barin hanya a shiga dajin tudu kuwa sai da aka jira dokar shekarar 2000, ita ma kusan kashi takwas cikin ɗari na ƙasar Ingila kawai ta shafa, kuma mai fili na iya rufe nasa har kwana 28 a shekara. A 2002, wajen bikin cika shekara saba'in, basaraken Devonshire na lokacin, wanda gidansu na cikin manyan masu filayen yankin, ya tashi a bainar jama'a ya nemi gafara kan abin da aka yi wa matasan a zamanin kakansa. Rothman ya rasu a farkon wannan shekarar, bai ji ba.

Akwai wani abu kuma da ya ɗaure saman da ƙasan, shi ne ruwa. Baƙar ƙasar tudun ruɓaɓɓen tsiro ce da ta taru cikin dubban shekaru, milimita ɗaya ko kusa da haka a shekara. Mai gina ta wata gansakuka ce da ke iya riƙe ruwan da ya ninka nauyinta sau da yawa. Idan tana da lafiya, tudun kamar soso yake, ya sha ruwan sama ya riƙa sakinsa a hankali. Hayaƙin kwal na masana'antun Mancesta da kewaye ya kashe gansakukar a wurare da dama. Tumaki suka yi yawa. Bayan yaƙin duniya na biyu gwamnati ta biya kuɗi aka haƙa lambatu don tsane tudun. Masu farautar giraus kuma suna ƙona hida yanki-yanki don ta yi sabon toho tsuntsun ya ci. Ruwan da ya sauka a kan irin wannan ƙasa ba ya tsayawa gaisuwa, gangarowa yake yi, kwarin kuwa matsattse ne, gidaje da shaguna na manne da bakin kogi.

Ambaliya ta ci kwarin Calder a watan Yunin 2012, ta dawo ranar 26 ga Disamba 2015 ta shiga dubban gidaje da wuraren sana'a, ta sake dawowa a Fabrairun 2020. Todmorden da maƙwabtanta Hebden Bridge da Mytholmroyd suna da jiniyar gargaɗi irin ta lokacin yaƙi. In ta yi kuka, kowa ya san ya kwashe kaya zuwa bene. Fangalin da ke bakin ruwa ba ya tsira daga wannan, kuma ruwan ambaliya na zuwa da ƙazantar lambatu, abin da ya taɓa ba ya ciwuwa.

Bayan ta 2012 wasu mazauna Hebden Bridge suka fara fafutukar a hana ƙona tudun. Masu filayen farauta suna da tasu hujjar: sun ce ƙonawa kaɗan-kaɗan cikin kulawa na rage busasshen tsiron da gobarar daji za ta ci, kuma farautar na ba mutane aiki. Tsoron gobarar gaskiya ne, domin ta tudun Saddleworth a 2018 ta yi makonni tana ci. Amma ni dai hujjar mutanen kwari ta fi kama hankalina. Tudun da ke jiƙe shi ne wanda ba ya cin wuta da sauƙi, shi ne kuma ke riƙe ruwa, kuma ba daidai ba ne wasan 'yan tsiraru a sama ya zama asarar dubbai a ƙasa. A 2021 gwamnati ta hana ƙonawa ba tare da lasisi ba a wuraren da aka kare inda zurfin baƙar ƙasar ya wuce santimita arba'in.

To, me Todmorden ta samu? A farkon tafiyar an yi ta maganar cewa garin zai ciyar da kansa kafin 2018. Hakan bai faru ba, kuma duk wanda ya dubi gangaren da yanayin ya san ba zai yiwu ba. Fangali a ƙofar caji ofis ba ya cika tukunyar mutum dubu goma sha biyar. Mutanen garin har gobe a manyan kantuna suke cefane. Aikin kuma a wuyan 'yan sa-kai yake, su kuwa suna gajiya, suna tsufa, suna ƙaura. Lambun da ba na kowa ba ne, in aka yi sake da shi wata biyu, ciyawa da katantanwa sun gaje shi. A nan lambun haya ya fi shi: mai mabuɗi ya san in bai zo ba, shi zai yi asara. Masu suka da ke cewa an zuzuta labarin fiye da yawan abincin da aka girba, ba ƙarya suka yi ba.

Sai dai ina ganin auna wannan aiki da buhu kuskure ne. Kafin 2008, gefen hanya a Todmorden na hukuma ne, ma'ana mutumin gari ba ruwansa da shi, iyakarsa ya yi ƙorafi in ya ga shara. Bayan 'yan shekaru ƙaramar hukumar Calderdale da kanta ta fito da hanya mai sauƙi ta bai wa jama'a lasisin shuka a filayenta, kamfanin gidajen haya na talakawa kuma ya riƙa raba wa mazauna iri. Warhurst da abokan tafiyarta sun ɗauki maganar zuwa matakin ƙasa, suna neman a yi dokar da za ta tilasta wa kowace ƙaramar hukuma ta fitar da jerin filayenta da ke zaune banza, ta bar mazauna su noma. A 2023 majalisar birnin Hull ta zama ta farko a ƙasar da ta amince da wannan 'yanci na shuka. Dokar ƙasa baki ɗaya ba ta samu ba tukuna. Daga hawan Kinder Scout zuwa dokar 2000 shekara sittin da takwas ne. Daga taron gidan shayi zuwa ƙudurin Hull, goma sha biyar.

A saman tudun ma hannun 'yan sa-kai ya kai. Tun 2003 haɗakar Moors for the Future ke toshe tsofaffin lambatu da zaizayar ƙasa tana sake dasa gansakuka a kudancin Pennine. Bayan ambaliyar 2015, mazauna kwarin suka kafa ƙungiyar Slow the Flow, suna shiga kurmin Hardcastle Crags da ke sama da Hebden Bridge suna gindaya gumaguman itace a ƙananan ƙoramu, yadda ruwa zai wuce ta ƙasa a ranar lafiya, ya tsaya ya bazu cikin kurmi a ranar da ya yi yawa. A Todmorden kuwa, ranakun Lahadi sau biyu a wata, masu lambu kan taru da safe, a raba shebur da baro, kowane rukuni ya nufi fangalin da aka ba shi, a cire ciyawa, a zuba taki, a dasa abin da lokacinsa ya yi. Gayya ce sak, har da abincinta: in an tashi, sai a wuce tsohuwar majami'ar da 'ya'yan John Fielden suka gina don tunawa da mahaifinsu, a zauna a ci tare.